Tambayi Likita: Ɗana Ya Natsu a Aji, Amma Ya Daina Cin Abincin Rana

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ɗana shekararsa 9. Bayan mun sha zaryar asibiti, likitan yara ya ce yana da ADHD, wato lalurar kasa tsayar da hankali wuri ɗaya da yawan ƙiriniya, ya rubuta masa Ritalin. Yau mako uku ke nan. Malamarsa ta ce karon farko ke nan da ya zauna ya gama aikin aji. Sai dai abincin rana yadda na zuba haka yake dawo mini da shi, da dare kuma har sha ɗaya idonsa biyu. Kakarsa ta ce ƙwaya muke koya masa. Ga maƙwabciyata tana roƙona in tsakura mata ta gwada wa nata ɗan. Ni kuwa ina tunanin in riƙa raba maganin biyu. Yaya zan yi? Daga wata uwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Maman yaro. Bari in fara da maganar kaka, don na san ita ce ta fi tsaya miki a rai. Tsoronta yana da tushe. Sinadarin da ke cikin Ritalin, metilfenidet, yana cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa takunkumi, saboda akwai masu shansa don su bugu. Amma mai neman buguwa da yawa yake sha, wani ma daka shi yake ya shaƙa. Ɗanki kuwa ɗan ƙanƙani yake haɗiya, gwargwadon awon likita. Nazarin da aka yi na bin yara masu wannan lalura har girmansu bai nuna cewa shan maganin bisa ƙa'ida yana jefa su shaye-shaye ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yaron da aka bari haka, kullum duka, kullum "daƙiƙi", har ya yarda cewa shi ba ya da amfani.

Ki gaya wa kaka ba sabon abu ba ne. Tun 1937 wani likita a Amurka, Charles Bradley, ya ba yara masu matsalar ɗabi'a amfetamin, wani magani mai zaburar da jiki kamar wannan, ya ga sun natsu sun kama karatu. Mutane kan yi mamaki: yaya maganin da ke zaburar da jiki zai kwantar da yaro mai ƙiriniya? Abin da yake zaburarwa shi ne sashen ƙwaƙwalwa mai taka wa mutum burki, ta hanyar ƙara sinadaran dofamin da noradiranalin a tsakanin jijiyoyi. Ba ya warkar da lalurar. Yana aiki ne na wasu awanni ya fita, gajeren kamar awa 3 zuwa 4, mai dogon zango kamar awa 8 zuwa 12.

A nan ne amsar abinci da barci take. Tsakar rana maganin yana kan ganiyarsa, shi ya sa yunwa ke ɗaukewa. Ki cika masa ciki da safe kafin ya sha ko tare da shi, da yamma kuma idan yunwa ta dawo, ki bar shi ya ci ya ƙara, ko da lokacin cin gida ya wuce. Kada ki tsare shi da faɗa a kan abincin rana. Barci kuma, ki rubuta ƙarfe nawa yake shan na ƙarshe da ƙarfe nawa barci ke ɗaukarsa, na mako guda, ki kai wa likitan. Sau da yawa matso da lokacin sha ya zama da wuri kaɗan ya wadatar.

Raba maganin da kanki kam, a'a. Rage awo ko ƙara shi aikin wanda ya rubuta ne. Kuma nau'in mai dogon zango irin Concerta ba a fasa shi, ba a tauna shi, don an ƙera shi ne ya riƙa sakin maganin sannu a hankali. Idan an manta da na safe, kada a ninka na gaba.

Abin da nake so ki nace a kai duk zuwa asibiti: a auna nauyinsa, tsayinsa, bugun zuciya da hawan jini, a rubuta a katinsa. Maganin kan ɗan ɗaga bugun zuciya, wasu yaran kuma girmansu kan ɗan yi jinkiri, sai an jera awon wata da watanni ake ganewa. Idan akwai ciwon zuciya a danginku, ko wani ya taɓa faɗuwa ya mutu farat ɗaya yana matashi, kuma ba ki faɗa wa likitan ba, ki koma ki faɗa gobe. Ciwon ƙirji, suma, numfashi sama-sama, ko yaro ya ce yana gani ko jin abin da babu, waɗannan ba na jiran ranar asibiti ba ne: ki tsayar da maganin ki kai shi nan take. Idan kuma ya yi shiru fiye da kima, ya daina dariya da wasa, wataƙila awon ya yi masa yawa. Akwai wasu magungunan da ba na jinsin masu zaburar da jiki ba, kamar atomoksetin, idan wannan bai karɓe shi ba.

Maƙwabciyarki ki ba ta haƙuri, ki nuna mata hanyar asibiti. Ƙiriniyar ɗanta tana iya zama rashin barci, ko raunin ji, ko damuwa, kuma babu likitan da ya duba lafiyar zuciyarsa. Na taɓa karɓar yarinya 'yar shekara 3 da ta haɗiye maganin yayanta da aka bari kan tebur, jikinta na rawa, zuciyarta na dukan uku-uku. Ta tashi lafiya, amma tun daga ranar nake gaya wa kowace uwa: ki kulle shi, ki ƙirga abin da ya rage, ki ba shi da hannunki ki ga ya haɗiye.