Shin tsirya 'yar aku ce?

Malam, ka tambaya ko tsirya ƙaramar aku ce wadda ba ta gama girma ba. A'a, dangi ɗaya suke, amma kowacce jinsinta daban. Aku mai launin toka da jar wutsiya tsuntsuwar kurmi ce, ita kuwa tsirya koriya ce shar, tana zaune a ƙasashen da itatuwa suke warwatse, tun daga Senegal har zuwa Sudan, kuma akwai irinta a Indiya.

Tsawonta ya kai santimita 40, sai dai fiye da rabinsa wutsiya ce. Namijin ne kaɗai yake da zobe baƙi mai ratsin ja-ja a wuya, wanda ba ya fitowa sosai sai ya doshi shekara 3. Tana cin 'ya'yan itatuwa da tsaba, shi ya sa manoma suke kuka da ita idan gero da dawa sun nuna.

Abin da ya fi damuna shi ne sheƙarta, domin a kogon tsohuwar bishiya take yin ƙwai 3 zuwa 4, macen ta kwanta a kansu sama da mako 3. Duk inda aka sare manyan itatuwa don itacen girki ko gawayi, an raba ta da wurin haihuwa.