Fata ta fi gadon injin lesa girma, ga yadda nake yi

Ɗan uwa in na fahimce ka, injinka na yanka da zane da hasken lesa mai gado (faifan ɗora aiki) santimita 60 da 40 ne, fatar kuma ta fi shi tsawo tana ta lanƙwashewa. Ni ma na sha wannan a shagona nan Gombe.

Ba girman ne matsalar ba, da ta ɗago ko milimita 2 ne hasken ya bar saiti, sai wani wajen ya ƙone wani bai ma huda ba. Ni kafinta na sa ya haɗa min firam na filawud daidai gadon, na ɗame fatar da kilif irin na takardu, ragowar na naɗe jikin bututu ta ƙofar baya. In gadon ƙarfe ne maganaɗisu ma ya isa, amma siriri, kar kan injin ya buge shi. Kafin ka ja fatar gaba yi alama biyu a gefe don zanen ya haɗu.

Ledar kujera mai PVC (wani nau'in roba) kam kar ka kuskura ka sa ta a injin, hayaƙinta guba ne kuma yana sa injin tsatsa. In babu ƙofar baya kar ka taɓa makunnin tsaron murfin don yin aiki da shi a buɗe, kira injiniyan da ya haɗa maka.