Don Allah kar ka ja libar nan da ƙarfi

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Na ga hoton alƙalamin da ka ce ka samu a akwatinsa, kore mai Esterbrook rubuce a jiki, kana cewa 'yar libar gefe ta ƙi ɗagawa, ko ka sa mata ƙarfi, kuma wai gyaransa zai yiwu ko a ajiye shi tarihi kawai. To kafin komai ka ɗauke hannunka daga libar nan. Ba ita ce ta lalace ba.

Cikin gangar alƙalamin akwai wata 'yar jakar roba kamar ƙaramin balan-balan, ita ke riƙe tawada. In ka ɗaga liba sai ta danna wani siririn ƙarfe ya matse robar, in ka sake ta sai ta zuƙo tawada. To robar da ta kwana shekara sittin ko fiye ai ta zama ƙanzo, girgiza shi kusa da kunnenka ma za ka iya jin ɓaraguzanta na kacau-kacau. Kana ja da ƙarfi ko liba ta lanƙwashe ko gangar ta tsage, kuma tsagar ganga ita ce ba ta da magani. Roba kam ana canzawa.

Irin naka shi ake kira samfurin J, wanda suka fara fitarwa da wannan siffar a 1948. Kamfanin na Amurka ne, Richard Esterbrook ya kafa shi a garin Camden a 1858, da bakin alƙalami na ƙarfe irin na tsomawa a tawada suka yi suna, a 1967 suka haɗe da kamfanin Venus, bayan 'yan shekaru sunan ya ɓace. Yanzu an dawo da sunan kasuwa amma sababbin wani abu ne daban. Mutanenmu Parker suka sani sai kuma Hero na China da muka yi makaranta da shi, shi ya sa in ka ce Esterbrook sai a yi ta kallonka. Ni kuwa shekarata wajen goma sha biyu ina tara su, ina da goma sha huɗu, tara na rubutu lafiya lau, sauran na ciran kaya ne. Alƙalamin talaka ne tun asali, na ɗalibai da akawu, ba zinare a bakinsa, don haka in kuɗi ake nema ba nan ba ne. Amma wajen juriya gaskiya ban ga kamarsa ba.

Na farkon da na saya a kasuwar Jankara na same shi, cikin wani faranti an haɗa shi da matattun agoguna da maɓallai. Jan garura, kyakkyawa. Na dawo Agege ina zumuɗi, na ɗauko filaya na kama wuyansa na murɗa, sai ji na yi ƙas. Wallahi har yau in na tuna ƙarar nan sai raina ya sosu. Na biyu kuma wani mai gyaran agogo na kai wa, bawan Allah ya liƙe min wuyan da sufa gulu, shi ke nan ya rufe ƙofar har abada. Kar ka kai wa kowa in ba ka ga ya taɓa buɗe irinsa a gabanka ba.

Yadda nake yi yanzu, wuyan nan baƙi inda yatsu ke kamawa ba zare gare shi ba, cusa shi aka yi. Sai ka samu draya ta busar da gashi, ta madam ma ta isa in ta yarda, ka ɗumama daidai mahaɗar kana jujjuya shi, ɗumin da in ka kai leɓenka ba zai ƙona ka ba. Ban da kyandir, ban da tafasasshen ruwa. Ka naɗe wuyan da guntun tsohon tub na keke don ya kamu, ka riƙa ja a miƙe kana ɗan murzawa kaɗan-kaɗan, kar ka karkata shi gefe. In ya ƙi ka ajiye sai gobe. Akwai wanda sai da na yi kwana huɗu ina lallaɓa shi kamar mai bikon amarya kafin ya fito. Kuma ka bar bakin a ɗaure a jikinsa lokacin da kake wannan aikin, yana tallafe wuyan daga ciki.

In ya buɗe ka zazzage ɓaraguzan, ka kankare ragowar da ta manne da tsinken sakace, ka haska cikin da tocilan ɗin waya ka duba ƙarfen ko ya yi tsatsa. A nan Legas fa ka san halin raɓa, abin da zai shekara lafiya a Kano nan damina ɗaya ta isa ta cinye shi, shi ya sa ban cika son ruwa ya shiga cikin ganga ba, kuma nawa duk a gwangwani suke tare da 'yan ƙunshin nan masu shanye laima da ake samu a kwalin takalmi.

Sabuwar roba lamba 16 za ka nema. Ni dai ban taɓa samunta a shago a nan ba, daga Ingila nake yin oda ta intanet, kuma da yadda kuɗin aike yake gara ka sayi biyar a lokaci guda. Ka gwada tsawonta ka yanke ta ɗan gaza, ka shafa shelak kaɗan a nonon wuyan, irin wanda masu fenti kujera ke aiki da shi, ka zura robar, ka bar ta ta kwana. Da safe ka barbaɗa mata hoda tsantsa marar turare don kar ta manne da ƙarfe, sai ka mayar a hankali.

Abin da ya sa nake son wannan kamfani shi ne bakin. Kwance shi ake yi kamar noti, ka ɗaura wani. Duba jikinsa za ka ga lamba huɗu. 2556 siriri ne, 2668 matsakaici, masu farawa da 9 kamar 9668 su ne masu ƙwallon ƙarfe mai tauri a tsini, sun fi daɗewa kuma sun fi santsi. Har bakin Osmiroid 65 na Ingila yana hawa kansa, da shi nake rubutun ajami saboda faɗinsa. Shi bakin kana iya jiƙa shi a ruwan sanyi ya kwana, za ka sha mamakin tsohuwar tawadar da za ta fito.

Tawada kuma Quink shuɗiya ko Pelikan 4001 sun wadatar. Tawadar allo kar ka kusanto da ita, akwai ƙaro a ciki, zai toshe hanyar tsaf, haka ma ta hatimi da ta zanen taswira.

Ka turo min hoton lambar bakin da na kan murfin, in ga ko 'yan baƙaƙen maɓallan nan na sama da ƙasa suna nan lafiya don su ma suna yawan fashewa. In kuma kana shigowa ta wajen Agege, ran Lahadi bayan la'asar ina gida, akwai ragowar roba biyu a wajena, ka zo da shi mu buɗe tare.