Amsa ga mai tambaya kan yaren B da ya riga C

Salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun jiya da dare, ka ce kana koyon yaren rubuta manhajar kwamfuta na C sai wani ya ce maka akwai wani yare B kafinsa, shine kake so ka ji ko gaskiya ne kuma ko zai amfane ka in ka koya. Na ga wasu sun amsa maka da "bar shi ya mutu" kawai. Hakan ba ƙarya bane amma bai isa ba, don ni na taɓa zama da wannan yaren na wasu makonni kuma ya warware min abin da ya daɗe yana damuna.

Eh gaskiya ne akwai B. Ken Thompson ne ya ƙirƙiro shi wajen 1969 a Bell Labs da ke jihar New Jersey a Amurka, Dennis Ritchie ya sa hannu. Lokacin kamfanin ya janye daga aikin Multics, wani babban tsarin tafiyar da kwamfuta, Thompson ya samu wata kwamfuta PDP-7 ta kamfanin DEC da ba a cika amfani da ita ba, a kanta ya fara rubuta nasa tsarin mai suna Unix da yaren asembili, wato yaren da ya fi kusa da umarnin injin kansa. Da farko ma kwamfailar yaren Fortran, wato manhajar da ke fassara abin da ka rubuta zuwa abin da inji ke ganewa, ya yi niyyar yi, sai abin ya rikiɗe ya koma wani yare dabam wanda ya ɗauko jikinsa daga yaren BCPL na Martin Richards, ya rage duk abin da zai iya ragewa don ya shiga cikin injin. Kuma fa dole ce ta sa, memorin PDP-7 ɗin kalma 8192 ne kacal, wato gurabun ajiya 8192, kowace kalma bit 18, in ka lissafa wajen kilobayit 18 kenan. Hoto ɗaya da ka tura a WhatsApp ya ninka wannan sau da yawa.

To ga inda maganar take. A B babu nau'in bayanai sam. Babu int, babu char, babu float. Komai kalma ɗaya ce ta injin, kai ne za ka san ko lamba ka ajiye a ciki ko harafi ko adireshin wani waje a memori. Ka rubuta auto x. Shikenan ka samu gurbi ɗaya, in abin yana waje da ɓangaren manhajar da kake ciki ka ce extrn. In ka sa tauraro gaban x, injin zai ɗauka abin da ke ciki adireshi ne ya je can ya ɗauko, ba zai tambaye ka komai ba. A kan PDP-7 wannan tsarin ya zauna daram saboda ita ma injin da kalma-kalma take ƙirga adireshi, ka ƙara 1 ka koma gurbi na gaba, ba wani lissafi.

Sai sabuwar kwamfuta PDP-11 ta iso musu a 1970, ita kuma bit 16 ce kuma da bayit take ƙirga adireshi, kalma ɗaya bayit biyu. Nan B ya fara ɗingishi. Fointar B, wato gurbin da ke riƙe adireshin wani waje a memori, lambar kalma ce, don haka duk lokacin da za a bi ta sai an ninka ta biyu kafin a samu ainihin adireshin, ɓata lokaci a kowane mataki. Haruffa kuma a cushe suke cikin kalma, in kana son harafi na biyar a cikin rubutu sai ka kira char(s, n) ya zaro maka, in za ka canza shi ka kira lchar, alhali sabuwar injin za ta iya taɓa bayit ɗin kai tsaye. Ga kuma lambobi masu ɗigo da ba za su shiga kalma ɗaya mai bit 16 ba. Ƙari a kan haka kwamfailar B ta wancan lokacin ba ta fitar da ainihin umarnin inji, jerin adireshin ƙananan ayyuka take fitarwa ana bi ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa yake da nauyi har ba su yarda su rubuta zuciyar Unix da shi ba. A 1971 Ritchie ya fara ƙara masa char da sauran nau'o'i yana kiransa NB wato sabon B, zuwa 1972 ya zama C, a 1973 aka sake rubuta zuciyar Unix da C. Kaga ba wai B ya lalace bane, injin da ke ƙarƙashinsa ne ya canza shi kuma an ɗinka shi ne daidai jikin tsohon.

Yanzu bari in gaya maka yadda ya shafe ni. Ina aiki da ƙananan allunan lantarki irin su Arduino, kuma na fi shekara biyu ina rubuta C ina amfani da fointa ba tare da na gane dalilin da p+1, in p fointa ce, wani lokaci yake tsallake bayit ɗaya wani lokaci biyu wani lokaci huɗu ba. Haddacewa kawai na yi. Akwai wani aikin na'urar auna ruwan tanki da ya cinye min kwana uku saboda na juya fointar int zuwa ta char ina karanta shirme, wallahi har na fara zargin allon ne ya ƙone. Bayan nan ne na sauke SIMH, manhajar da ke kwaikwayon tsofaffin injinan DEC a kan laftof, na karanta takardun B na da, na zauna ina rubuta ƙananan abubuwa ina bin su da biro da takarda. Ranar da na ga cewa v[i] a B ba komai bane illa *(v+i), wato tafi gurbi na i daga inda v ya nuna, sai na gane ashe nau'in da muke rubutawa a C babban aikinsa shine ya gaya wa kwamfaila faɗin taku ɗaya. Tun daga ranar ban sake jin tsoron fointa ba, kuma yaran da nake koya wa yanzu da wannan labarin nake fara musu.

Za ka ga abubuwa da yawa da ka sani a ciki. ++ da -- daga B suka zo. Amma += a can =+ ake rubutawa, kuma x=-1 yana da ruɗani, ba a san ko ka ba x ƙimar -1 bane ko ka rage masa 1, shi ya sa daga baya aka juya su a C. Sabon layi *n ne ba \n ba. Har "hello, world" ɗin nan da kowa ke farawa da shi yana cikin darasin B da Brian Kernighan ya rubuta a farkon shekarun 1970, kuma a can sai da ya yanka shi harafi huɗu-huɗu, 'hell' sai 'o, w' sai 'orld', saboda iya abin da kalmar injin Honeywell mai bit 36 ke ɗauka kenan. A kan irin waɗannan manyan injinan Honeywell ma B ya fi daɗewa, Jami'ar Waterloo a Kanada ta riƙe shi shekaru.

Maganar aiki kuwa kar in ruɗe ka, babu wanda zai ɗauke ka aiki don ka iya B, ka riƙe C ɗinka da kyau. Amma in ka kai babin fointa da jeri ka ji kanka ya ɗaure, ware Asabar da Lahadi ɗaya, nemi littafin jagorar B da Thompson ya rubuta a 1972, yana intanet kyauta kuma gajere ne. Rubuta ɗan aikin da zai juya rubutu baya da gaba da char da lchar, sannan ka sake rubuta shi da C ka ajiye su gefe da gefe. In SIMH ya ba ka wahala wajen saitawa ka yi min magana a nan, zan turo maka matakan da na bi.