Amsoshin tambayoyinku: wane siramik ya dace da fentin mota?

Tambaya: Na sayi sabuwar mota, sai masu gyaran fenti suka jera min siramik iri uku: na feshi, na 'yar kwalba da suka ce yana kai shekara biyu, da wanda su kaɗai ke shafawa mai garantin shekara biyar. Kaina ya ɗaure. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Malam, Allah ya sanya alheri, ya kiyaye hanya. Duk ukun dangin juna ne. Tushensu sinadarin silika ne, wanda ake rubutawa SiO2 a jikin kwalba, shi ne kuma abin da ake yin gilashi da shi. In an shafa ya bushe, sai ya kama saman fenti ya zama siririn ɓawo mai santsi, ruwa da datti ba sa samun wurin zama. Inda suka rabu shi ne ƙarfin haɗin da kuma daɗewa. Na feshi tsararo ne, kowa zai iya fesawa bayan wanki ya goge, amma 'yan watanni yake yi, in ya yi tsawon rai ya kai shekara. Na 'yar kwalba, mai mililita 30 ko 50, yakan kai shekara biyu zuwa uku in ana kula da shi. Na ukun kuwa, kamfanoni irin su Gtechniq da Ceramic Pro ba sa sakinsa sai ga waɗanda suka horar, domin in ya daskare a karkace sai an kankare shi.

Kafin ka zaro kuɗi, duba wanda ke wanke maka mota. In duk wanda ka tarar kake miƙa wa mukulli, ya wanke taya da jiki da tsumma ɗaya, to kada ka biya kuɗin shekara biyar, fentin zai cika da karce tun kafin shekara ta zagayo. Ɗauki na tsakiya. Ka kuma karanta takardar garantin da kyau, da yawa daga cikinsu sun shardanta a riƙa mayar da mota ana dubawa duk shekara, in ka tsallake sau ɗaya garanti ya tashi.

Tambaya: Wani mai sayarwa ya ce nasa 9H ne, ko ƙusa ba ta karce shi. Har ya nuna min bidiyo ana kunna wuta a kan murfin inji fenti bai yi komai ba. Ga shi kuma da araha ƙwarai. In saya?

Amsa: Kada ka saya, ɗan'uwa. Ka kuma ba ni aron kunnenka, domin wannan 9H ya ci kuɗin mutane ba kaɗan ba.

Lambar nan daga gwajin fensir aka samo ta. Masu gwada fenti suna da jerin fensira daga mai taushi zuwa mai tauri, suna tura bakin kowanne a kan fentin su ga wanda zai bar alama. 9H yana can ƙarshen masu tauri. Ma'anar lambar ke nan: fensir bai karce shi ba. Masu talla kuwa suna so zuciyarka ta tafi ga wani ma'aunin daban, na taurin duwatsu wanda Friedrich Mohs ya tsara a 1812, inda daimon ke kan lamba 10. Sai ka ɗauka abin da za a shafa maka saura ƙiris ya kamo daimon. A wancan ma'aunin na Mohs, ƙwayar yashi tana kan 7, kuma ita ce ke cikin ƙurar da ke kwanciya a jikin mota. Duk siramik ɗin da ke kasuwa, in ka goga masa busasshen tsumma a kan ƙura, zai karce.

Ka duba kaurinsa ma. Maikiron ɗaya zuwa biyu ne (maikiron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), alhali silin gashin mutum yana kai wajen maikiron 70. Fatar saman fenti, wadda ba ta da launi, ita kanta tana tsakanin 35 da 50. Abin da bai kai kaurin gashi ba, ta ina zai tare ƙusa ko tsakuwar da tayar babbar mota ta cillo? Aikin siramik daban ne, kuma aiki ne mai kyau: yana sauƙaƙa wanki, yana rage wa fenti dukan rana, yana ba ka lokaci ka goge kashin tsuntsu ko ƙaron itace kafin su ci fenti. In tsakuwa kake tsoro, ledar kariya ta polyurethane za ka nema, mai kaurin maikiron 150 zuwa 200, a liƙa a gaban mota. Asalinta kamfanin 3M ya yi ta don kare fukafukan jiragen helikwafta na sojan Amurka.

Batun wuta kuwa wasan yara ne. Man da aka watsa shi ke ci, cikin daƙiƙoƙi ya ƙone, fentin da ba a shafa wa komai ba ma haka zai fita lafiya.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne jabu. Kwalba mai kyalli, an cika ta da man silikon, an buga 9H ko 10H da manyan baƙaƙe, babu sunan kamfani na gaskiya, babu lambar zubi, babu ranar da aka yi shi. Ranar farko ruwa yana gangarewa kamar a kan ganyen gwaza, mai mota yana murna. Wanki uku, shi ke nan. Araha ba ta ado. Akwai gwaji mai sauƙi: ɗiga kaɗan a ƙyalle ka ajiye kwana biyu. Siramik na gaske mai ƙarfi zai sandare, ƙyallen ya yi ƙarau. In ya zauna da maiƙonsa, mai aka sayar maka. Har sanannun sunaye irin su CarPro da Gyeon, ka saya wurin dilan da kamfanin ya amince da shi, ka duba hatimin murfi.

Ko kwalbar ta gaske ce, rabin magana ke nan. Mafi yawan kuɗin da mai aiki na ƙwarai ke karɓa na shiri ne: wanki, cire ƙurar ƙarfe da kwalta, goge fenti da yumɓun da aka yi don haka, bi da inji a fitar da tsofaffin karce, sannan a share maiƙon da ya rage da ruwan alkohol. Wannan aikin yini ne, wani lokaci biyu. Wanda ya ce maka cikin awa ɗaya zai gama, a fili, rana na dukan motar, zai rufe datti da karce ne a ƙarƙashin ɓawon, su zauna nan har ranar da aka kankare.

Tambaya: Na ji an ce na garafin ya fi siramik. Gaskiya ne?

Amsa: Garafin abu ne na gaske, siririyar shimfiɗa ce ta sinadarin kabon irin na bakin fensir, Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ware shi a jami'ar Manchester a 2004, har suka samu kyautar Nobel a 2010. Amma abin da ke cikin kwalbar mota siramik ne da aka barbaɗa wa ɗan sinadarin garafin. In kamfanin amintacce ne kuma kuɗin bai yi nisa da na sauran ba, saya. Kada dai ka ninka kuɗi saboda suna.

Tambaya: In na shafa siramik, na huta da wankin mota ke nan?

Amsa: Haba Alhaji! Wa ya gaya maka? Ƙura ba ta san ka biya kuɗi ba. Wanki duk mako ɗaya ko biyu, da sabulun mota, ban da garin sabulun wankin kaya.

Tambaya: Na daɗe ina tari kafin na sa aka shafa wa motata. Yanzu wata shida, ruwa ya daina gangarewa, ga fararen ɗigo-ɗigo a jiki. Ko barci ba na iya yi, ina ganin an cuce ni.

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki, da wuya a ce kuɗinki sun tafi. Sau da yawa siramik ɗin yana nan, datti ne ya toshe samansa. Fararen ɗigon nan gishirin ruwa ne: ruwa mai kanwa-kanwa in ya bushe a rana sai ya bar alli a wurin, kuma da yake siramik yana dunƙule ruwa, tabon ya fi fitowa a kansa. A wanke motar a inuwa, da bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye tsumma, a bi da maganin tabon ruwa, a tsane ta nan take da tawul mai laushi na maikirofaiba. In ruwa ya koma dunƙulewa, lafiya lau. In bai koma ba, ɗauki takardarki ki koma wurin wanda ya yi aikin, haƙƙinki ne, kada ki ji nauyi. Daga yanzu kuma ki riƙa fesa na feshin nan duk wata uku ko huɗu a kai, yana ƙara masa kwana.

Tambaya: Jiya aka gama min fentin ƙofa bayan hatsari. Zan iya shafawa da kaina gobe?

Amsa: A'a. Sabon fenti yana fitar da sinadaransa a hankali, ka ba shi kwana 30 zuwa 90, gwargwadon abin da mai fentin ya ce. In lokaci ya yi, shiga rumfa inda babu ƙura, ka bi ɗan wuri kaɗan-kaɗan, ka goge da zarar ya fara nuna launin bakan gizo, ka haska da tocila don kada ka bar tudu. Kada ruwa ya taɓa shi yini guda, sabulu kuma sai bayan kwana bakwai.