Tsohuwar jitar Stratocaster mai tsagaggen fenti: a saya ko a bari?

Malam, ka ce an yi maka tayin jitar lantarki Fender Stratocaster, wai ta 1963, amma fentinta duk ya tsattsage, kana tsoron ko ta lalace. Wannan tsagewar ba aibi ba ce. Fentin da kamfanin Fender ke shafawa a lokacin siriri ne, zafi da sanyi ke sa shi yin zane kamar tafin hannun tsoho, kuma masu tara tsofaffin jita sun fi son haka. Da an sake mata fenti, da darajarta ta faɗi ƙwarai.

Abin da ke jan mutane shi ne shekarar. Kamfanin watsa labarai na Amurka, CBS, ya sayi Fender a farkon 1965, don haka duk wadda aka ƙera kafin nan ana ganinta ta hannun Leo Fender ce, wanda ya kafa kamfanin. Gangar jikinta katako ne zalla, ba rami, shi ya sa take jure shekaru.

Amma kada ka yarda da bakin mai sayarwa. A kwance sukurori huɗu na wuyan jitar, a duba kwanan watan da ke gindinsa. A buɗe a ga maganaɗisai ukun da ke ɗaukar sautin tsirkiya, ko na asali ne, ko an taɓa walda. Jabu sun yi yawa, wallahi. Sannan ka hango wuyan daga sama, in ya murɗe, gyaransa ciwon kai ne.

In ka saye ta, hunturu yana busar da katako, ka riƙa ajiye ta cikin akwatinta.