Fentin ruwa da yara: ta ina za a fara?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kina Tudun Wada, yara sun samu hutu, kina son su riƙa yin ƙananan zane da fentin ruwa amma kin rasa ta inda za ki fara.

Takarda ce kan gaba. Ta littafin rubutu ba ta jure ruwa, nan da nan take lanƙwashewa ta yage. Ki nemi farin kwali mai kauri a shagunan littattafai na Sabon Gari ko Samaru, ki yayyanka daidai tafin hannu, don yaro ya gama kafin ya ƙosa.

Launi uku sun isa: ja, shuɗi da rawaya. Don Allah kar ki gaya musu yadda ake samun kore, ki bari su gauraya shuɗi da rawaya su gani da idonsu. Su fara da mai haske, in ya bushe su ɗora mai duhu. Da hunturu ma ba ya daɗewa yake bushewa.

In fentin ya ƙare, ruwan zoɓo mai kauri da na kurkum suna yi. Ki jiƙa ɗan ƙaro ki zuba a ciki, dama shi ke riƙe launi a fentin kanti. Sai dai zoɓo yana koɗewa, kar a bar zanen a rana.